Rabin Ƙwaya

Shekara shida ina haɗiye ta da kokon safe,
'yar fara, ba ta kai ƙwayar wake ba,
amma ita ke riƙe da linzamin abin da ke ƙirjina.
Ni Mumuni, mai gyaran agogo a gefen Kejetiya,
na san agogon da ke jan ƙafa in na ji shi:
bugu hamsin, wata rana arba'in da takwas,
in na ɗago daga ruku'u sai masallaci ya juya da ni,
tafin ƙafata sanyi kamar gindin randa.

Likita Boatema ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna,
ta dubi agogon bangonta.
Yana baya da minti huɗu. Ban ce komai ba.
Ta ce, Baba, za mu sauka,
amma ba ta taga ba. Matakala, ɗaya bayan ɗaya.

Ai na san tagar.
Bara waccan magani ya ƙare, aljihu ya ƙare,
na ce kwana uku me zai yi?
A na ukun Fusaina ce ta tare tasi a Aboabo da tsakar dare,
ni ina rungume da ƙirji kamar mai ɓoye kazar sata.

To, yanzu rabi.
Da 'yar askar da nake buɗe bayan agogo nake tsaga ta
a kan farar takarda, gilashi maƙale a ido ɗaya.

Daren farko, shiru.
Dare na uku sai ga baƙo yana ƙwanƙwasawa daga ciki,
ba sallama, ba jiran a amsa.
Gumi ya jiƙa matashi. Kai ya ɗau zafi.
Na tashi zaune, na ja numfashi, na ƙirga huɗu,
na sake shi a hankali kamar mai hura wa jariri kunu.
Tis'in da shida.
Fusaina ta rubuta a bayan kalanda, ta koma ta kwanta,
na san idonta biyu.

Hannun ne ya fi ba ni kunya.
Wannan hannu da ya zare gashin agogo bai karya ba,
yau ƙusa ƙanƙanuwa ta kuɓuce masa,
ta shige cikin ƙafafun 'yan kasuwa, ta tafi ke nan.
Na ce wa direban tirotiron Tafo, dawo jibi.
Ya dubi yatsuna, ya dubi ƙasa, ya ce ba komai.

Goro na bari, ni da aka yanke wa cibiya a garin goro.
In Bawa ya ɗaga butar ataya sai in juya kai wajen titi.
Da la'asar in taka zuwa Asawase in dawo,
ba sauri, ba wanda ke kirana.

Da muka sauka kwata sai doki ya yi tutsu,
ɗari da goma, ina zaune ban ɗaga ko tsinke ba.
Likita ta ce, koma rabi, mako guda.
Na ce, na faɗi ke nan?
Ta ce, wanda ya ja ƙafa baya a matakala bai faɗi ba.
Amma in ƙirji ya matse, ciwo ya hau muƙamuƙi ko ya bi hannu,
kada ka jira asuba.

Ban jira komai ba sai kwanaki,
su kuwa suka zo da ƙafarsu.

Yau kwana tara kwalbar ba kowa.
Saba'in da huɗu, saba'in da shida,
takun da na manta nawa ne,
yana ɗan gaggawa, irin tafiyar mahaifina in zai kama jam'i.
Har yanzu wani daren baƙon na taɓa ƙofa,
sai in ce masa, na ji ka, zauna.

Laraba zan koma awo.
Na sa ƙaramin sukurudireba a aljihun gaba.
Minti huɗun nan na bangonta
sun daɗe suna damuna.